Daga Alƙalamin Gamba Zuwa Fensir Mai Latsawa: Tarihin Kayan Rubutu a Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

Wanda duk ya je sayen fensir a yau yana da zaɓi uku. Akwai na katako wanda ake feƙewa, akwai mai latsawa wanda ake zura wa siririn baki, sannan akwai sabon yayi mai ƙulallen kai wanda masu talla ke cewa ba ya ƙarewa. Wannan takarda za ta kwatanta su ta fuskar tarihi, tare da ɗaukar zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, musamman Nima da Mamobi, a matsayin misali. Dalili kuwa shi ne, yaron zango ya gaji hanyoyin rubutu biyu, na allo da na boko, don haka a hannunsa ne aka fi ganin abin da aka samu da abin da aka rasa yayin da aka daina feƙewa.

2.0 Zuwan Alƙalami Zangunan Akra

Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Gwanja, inda Salaga ta zama babbar kasuwarsu. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, suka kuma mai da Akra hedikwatar mulkinsu a 1877, sai harkar ciniki ta karkata zuwa bakin teku. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara watsa fatake da malamai zuwa wasu garuruwa. A Akra, wadda Hausawa kan kira Ankara, Malam Idrisu Naino ya kafa Zangon Malam, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ta tashi a shekarun 1930 a ƙarƙashin Malam Amadu Futa.

Duk inda malami ya sauka, allo da tawada da alƙalami sun sauka. Sunayen kansu sun nuna asalinsu: allo daga al-lauh, alƙalami daga al-ƙalam, tawada kuwa daga dawat, wadda a Larabci take nufin kurtun da ake zuba ta. Sai dai kayan da ake yin su na gida ne. Ana yanko karan gamba ko sillen karan dawa, a sassaƙe gefe guda da wuƙa, a tsaga bakin don ya riƙe tawada. Ita kuma tawadar allo, gawayi da ƙaro da ruwa ne.

Da irin wannan alƙalami Alhaji Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya rubuta waƙoƙi da labaran tarihi cikin Larabci da ajamin Hausa. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara da yawa daga irin waɗannan rubuce-rubuce a shekarun 1960. Wanda ya dube su zai ga kowane harafi yana da wurin kauri da wurin siranta. Wannan ba daga tawada yake ba, daga yankan bakin alƙalami yake. Ke nan feƙewa wani ɓangare ne na koyon rubutu.

3.0 Fensir na Katako

Fensir ya biyo wata hanya dabam. A ƙarni na 16 aka gano wani baƙin dutse mai laushi, garafayit, a Borodel ta Ingila. Da farko an ɗauka dalma ce, shi ya sa har gobe wasu ke zaton akwai dalma a cikin fensir, alhali babu. A 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun wannan dutse daga Ingila, Nicolas-Jacques Conté ya haɗa garinsa da yumɓu ya gasa. Idan yumɓu ya yi yawa, bakin ya yi tauri rubutu ya yi haske. Idan ya yi kaɗan, bakin ya yi laushi rubutu ya yi duhu. Haruffan H da B da ake gani a jikin fensir wannan bambanci suke nunawa, HB kuwa tsaka-tsaki ne. A 1858 wani Ba'amurke, Hymen Lipman, ya yi rajistar fensir mai haɗe da magogi.

Makarantun mishan ne suka yaɗa fensir a bakin tekun Gana, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa iyaye a zango suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko. Dokar Ilimi ta 1961, a zamanin Kwame Nkrumah, ta wajabta karatun firamare. A 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantu masu koyar da Ingilishi da Larabci tare suka sami gurbi a tsarin gwamnati. Ta haka fensir ya zauna a jakar da allo yake. Hausa ta karɓi kalmar ta mai da “p” zuwa “f”, ta kuma ara masa aikatau ɗin alƙalami: shi ma feƙe shi ake yi.

4.0 Waɗanda Ba a Feƙewa

Mutane da yawa na ɗaukar fensir mai latsawa a matsayin sabon abu. A gaskiya tun 1822 Sampson Mordan da John Isaac Hawkins suka yi rajistar irinsa a Ingila. A 1915 Tokuji Hayakawa ya ƙera nasa a Japan, kuma daga sunan wannan fensir kamfanin Sharp ya samo sunansa. Siraran baki irin mai kaurin rabin milimita sun bazu ne daga shekarun 1960. Shi ma fensir mai ƙulallen kai yana da kaka: masu zane na Turai a ƙarni na 15, har da Leonardo da Vinci, sun yi zane da tsinken azurfa. A gefen tawada kuma, biro ya samo sunansa daga László Bíró, mutumin Hangari da ya yi rajistarsa a 1938.

5.0 Kwatanci

Ta fuskar sauƙi, mai latsawa ya yi gaba. Kaurin layinsa ba ya canjawa, ba ya buƙatar reza, ba ya gajarcewa. Wanda ya taɓa ganin yatsan yaro da reza ta yanka ba zai raina wannan ba.

Ta fuskar juriya da araha, na katako ya fi. Bakinsa ya kai kimanin milimita 2, don haka yana jure dannawar yaro mai koyon riƙo, alhali na 0.5 karyewa yake yi. Ana iya raba shi biyu a ba wa da ƙane. Haka nan a jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke Akra, da fensir ake cike gurbin amsa, kuma baki mai kauri ya fi saurin cikewa. Mai ƙulallen kai kuwa rubutunsa kan yi haske, abin da ba a so a irin wannan takarda.

Ta fuskar dogaro da kai, abin ya fi jan hankali. Almajiri shi ke yin alƙalaminsa, shi ke gyara shi. Ɗan boko sayen fensir yake yi, amma gyaransa na hannunsa. Mai latsawa kuwa idan bakinsa ya ƙare, ko abin da ke riƙe bakin ya saki, sai a koma shago. Kowane mataki ya rage wahala, ya kuma rage abin da hannu ya sani.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa babu ɗaya daga cikin kayan nan da ya kori ɗan'uwansa gaba ɗaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ke cikin haɗari shi ne sanin yankan alƙalami. Ana iya rubuta ajami da biro ko da fensir mai latsawa, a karanta shi sarai, amma layin zai fito da kauri ɗaya, kamannin hannun magabata su ɓace. Wanda bai taɓa riƙe alƙalamin gamba ba zai sha wuya wajen gane dalilin da ya sa haruffan tsofaffin takardu suka ɗauki siffarsu. Saboda haka ana shawartar ɗalibin da ke son nazarin rubuce-rubucen zango ya nemi malamin allo, ya zauna gabansa da wuƙa da kara, ya koyi feƙewa kafin ya buɗe takardun Alhaji Umaru.