Sai Ciwo Ya Hana Barci: Nazari Kan Zuwa Asibitin Haƙori a Katsina

Da yawa cikin mutanen birnin Katsina aiki ɗaya suka san likitan haƙori da shi, wato cirewa. Ko a Babban Asibiti, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko a ƙaramin asibitin kuɗi na unguwa, mara lafiya kan zo ne riƙe da kumburarren kunci, bayan kanumfari da magungunan kemis sun gaza. Dubawa da wankewa da cike kogo tun yana ƙarami, waɗanda su ne ainihin aikin wurin, ba kasafai ake zuwa dominsu ba.

Ana ɗora laifin kan talauci, kuma da gaskiya a ciki. Amma halittar haƙorin kanta tana da hannu. Ɓawonsa na waje ba shi da jijiya, saboda haka ruɓewa kan daɗe tana cin sa ba a ji komai ba. Ba tsutsa ke yin ɓarnar ba, kamar yadda aka saba faɗa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai narkar da ɓawon. Kafin zogi ya taso, kogon ya kusa jijiya. In ma zogin ya ɗauke da kansa, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya kuwa tana taruwa a gindin haƙorin.

Asuwaki sunna ne, kuma yana goge dauɗa sosai a hannun wanda ya iya. Abin da ya canja cimarmu ce. Mai shan shayi mai sukari sau da yawa a yini, ya bi da lemon kwalba, bai bar wa yawun bakinsa lokacin gyara ɓarnar ba. Yawan maimaitawar shi ne babbar illar. Nan ne man goge baki mai fulorayid ke da amfanin da icce ba zai wadatar ba.

Wankin haƙori ma ana gudunsa, wai yana buɗe giɓi. Giɓin yana nan tuntuni: dauɗa ce ta daskare kamar dutse, ta janye dasashi, ta cike gurbin. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar wankin nan, domin dasashinsa ya fi saurin lalacewa.

Asarar da ta fi ba ni takaici ta yara ce. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin ke fitowa a bayan haƙoran nono 20, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye kan ɗauka shi ma zai famfare, sai a bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji. Kuma daga kumburin dasashi cutar noma mai zaizayar baki ke farawa ga yaro mai tamowa. Saboda ita aka kafa asibiti a Sakkwato a 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Iyaye, ku buɗe bakin ɗanku ku duba turamen baya da fitila. In kun ga baƙin ɗigo ko jini a dasashi, ku kai shi asibiti tun bai yi kuka ba.