Kafar da ta shekara 17 ba a gan ta ba

Wani ɗalibin kwamfuta mazaunin Takur a Dutse ya aiko da tambaya: idan masana lissafi sun riga sun tabbatar da tsaron saƙon da ke tashi daga waya zuwa banki, me ya sa ake ta ƙirƙiro sabbin hanyoyin tantancewa? Amsar tana cikin wata tsohuwar taƙaddama.

A 1978 Roger Needham da Michael Schroeder suka fitar da ƙa'idar da kwamfutoci biyu za su bi su gane juna kafin su yi sirri. A 1989 Needham ɗin, tare da Michael Burrows da Martín Abadi, suka gina mantiƙin BAN, wanda ke bin diddigin abin da kowane ɓangare ya gaskata bayan kowane saƙo. Aka auna ƙa'idar da shi, babbar kafarta ba ta fito ba.

Sai a 1995 Gavin Lowe na Jami'ar Oxford ya tona asiri. Ka ɗauka mai saye ya zo wa dillali da shaidarsa. Dillalin ya zagaya da ita wurin wani attajiri, ya ce shi ne mai sayen. Attajiri ya jefo tambaya a kulle, dillali ya miƙa wa mai saye, shi kuwa ya buɗe ya ba da amsa da zuciya ɗaya. Ko makulli guda ba a karya ba! Gyaran ma ƙarami ne: attajiri ya sa sunansa cikin saƙo na biyu, wato tambayar da yake kullewa. A 1996 Lowe ya rubuta ƙa'idar da CSP, harshen lissafin Tony Hoare, ya sa manhajar FDR ta lalube duk yadda saƙonni ke iya cakuɗewa, ta cafko kafar.

Masu kare BAN sun ce ai an gina shi ne bisa zaton duk masu cinikin amintattu ne, Lowe ne ya sauya sharaɗi. Ni dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Shuwarin ya san macuci yakan fito daga cikin abokan hulɗa. Tun 1983 kuwa Danny Dolev da Andrew Yao suka tsara magabcin da ke riƙe da hanyar saƙo gaba ɗaya.

Kan wannan zato na Dolev da Yao aka gina manhajojin ProVerif da Tamarin, waɗanda aka tace TLS 1.3 da su kafin fitowarsa a 2018, tsarin da ke kulle yawancin shafukan intanet a yau.