Daga Tokyo Zuwa New Bell: Yadda Azaba Ta Shiga Horon Judo

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu koyar da wasannin kare kai, daga Duwala har Kano da Maraɗi: wai horon gargajiya shi ne wanda yaro zai sha wuya har ya kusa suma, kuma duk malamin da ya sassauta ya ɓata wasan. A judo maganar ta fi samun gindin zama, domin wasa ne da ya zo da rusunawa da farar riga da ɗamara da biyayya ga malami, abubuwan da Bahaushe ya san darajarsu tun daga makarantar allo. Shi ya sa uba a unguwar New Bell ta Duwala zai ga ɗansa ya dawo yana ɗingishi ko yana dafe da kai, ya yi shiru, a zatonsa haka Japanawa suka gada kaka da kakanni. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan shirun ba. An ƙirƙiro judo ne domin mutum ya yi kokawa da iyakar ƙarfinsa kuma ya tashi lafiya. Azabar da ake jingina masa daga baya ta shigo, ta ƙofar soja da ta kwaɗayin lambar yabo, kuma ƙasar da ta haifi wasan ta biya diyyar wannan kuskure da rayukan 'ya'yanta.

Wanda ya kafa judo, Jigoro Kano, malamin makaranta ne da aka haifa a 1860, mutum mai ƙaramin jiki wanda ya nemi dabarun faɗa saboda cin zalin da ya sha a ƙuruciya. Abin da ya tarar shi ne jujutsu, faɗan tsofaffin mayaƙan Japan, mai cike da karya gaɓa da tsone ido da bugun makasa. Irin waɗannan dabaru ba a iya gwada su da gaske a kan abokin karatu, sai dai a kwaikwaya, kuma wanda ya saba da kwaikwayo ranar gaske jikinsa ba ya ba shi haɗin kai. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗakin ibada da ake kira Eishoji a Tokyo, da ɗalibai tara da tabarmi goma sha biyu. Hikimarsa ita ce ya ware dabarun da ke kisa ko nakasarwa ya ajiye su gefe, ana nuna su a hankali bisa tsari, ya bar kayarwa da dannewa da makamantansu domin a yi su da ƙarfi a kokawar gwaji da suke kira randori. Kafin ɗalibi ya koyi kayar da kowa, sai ya koyi faɗuwa: ya sa haɓa a ƙirji kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya daki tabarma da hannu domin nauyin faɗuwar ya watsu. Wanda ya kayar kuma wajibi ne ya riƙe hannun rigar wanda ya faɗi har ya sauka. Wanda aka shaƙe ko aka murɗe wa hannu, da zarar ya bubbuga, an sake shi nan take. Ƙarfin horon judo a kan waɗannan ƙa'idoji ya tsaya tun ranar farko, domin su ne suka ba mutum damar ya yi da gaske yau kuma ya dawo gobe.

Wannan aiki na tankaɗe da rairaya bai tsaya ba. A 1916 aka hana murɗe ƙafa da matse ciki da cinyoyi a gasa, a 1925 kuma aka taƙaita murɗe gaɓa ga gwiwar hannu kaɗai. Ko daga baya ma, bayan da aka karya wa gwarzon Japan Yasuhiro Yamashita ƙafa a 1980 da wata dabara ta harɗe ƙafafu kamar almakashi, an haramta ta. Duk mai cewa cire abu mai haɗari daga judo bidi'a ce ta Turawa, bai san cewa da cirewar aka fara ba.

To ta ina tsananin ya shigo? Adalci ne a faɗi cewa Jigoro kansa ba mai lallashi ba ne. A shekarun 1890 Kodokan ta kafa horon tsakiyar sanyi, wanda ake fitowa da asuba har tsawon wata guda, da kuma takwaransa na tsakiyar zafi. Amma wannan gwajin haƙuri ne ga wanda ya riga ya iya faɗuwa kuma ya kawo kansa. Abin ya canja launi ne sa'ad da gwamnati ta ga amfanin wasan. A 1911 aka shigar da judo cikin darussan makarantun sakandare, a 1931 aka wajabta shi, a daidai lokacin da Japan ta shiga mamaye Manchuriya. Daga nan zauren horo ya zama wurin shirya soja: biyayya ba tambaya, mari da tsawa, da ɗaukar ciwo a matsayin ragwanci. Har ya kai da aka ci Japan da yaƙi a 1945, Amurkawa suka hana wasan a makarantu, sai a 1950 ya dawo. Ya dawo kuwa a hannun malaman da aka rena a wancan zamani. Dokar ilimi ta 1947 ta hana dukan ɗalibi, amma a ƙungiyoyin wasa na bayan tashi daga aji ba a daina ba. Sai ga gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, karon farko da judo ya shiga: Japan ta ci zinare uku cikin huɗu, amma a ajin da ba ruwansa da nauyi, wanda suka fi ɗauka da muhimmanci, ɗan Holan Anton Geesink ya danne Akio Kaminaga a gaban jama'arsa. Tun daga ranar neman nasara ko ta halin ƙaƙa ya ƙara hawa kan tarbiyyar da Jigoro ya yi wa'azinta har ya rasu a 1938.

Sakamakon ya daɗe a ɓoye, sai da wani malamin Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya zauna ya tattara bayanan haɗurran makarantu. Ya gano cewa daga 1983 zuwa 2011 ɗalibai 118 ne suka mutu a judon makaranta a Japan, wato kusan yara huɗu kowace shekara, ban da waɗanda suka nakasa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda mace-macen suka yi kama da juna. Yawancin yaran sababbin shiga ne, 'yan ajin farko, waɗanda ba su gama koyon faɗuwa ba aka haɗa su da manya ko da malamin kansa. Babban sanadi shi ne zubar jini tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, sau da yawa daga kayarwar da ake share ƙafa ta waje mutum ya tafi da baya, wadda suke kira osoto-gari. Ba lallai sai kai ya fashe ba. Girgizar da ƙwaƙwalwa ke yi cikin ƙoƙo ta isa ta tsinka jijiya. Wasu yaran sun yi kwanaki suna kukan ciwon kai, aka ce su daure, bugu na biyu ya kashe su. Wasu kuma zafin rana da ƙishirwa ne suka kai su. A 2010 iyayen waɗanda abin ya shafa suka kafa ƙungiya, a ƙarshen 2012 kuma mata goma sha biyar 'yan tawagar ƙasa suka kai ƙarar kocinsu Ryuji Sonoda kan duka da zagi, har ya ajiye aiki a farkon 2013. Ba Japan kaɗai ba: a 2021 wani yaro ɗan shekara bakwai a Taiwan ya mutu bayan an kayar da shi sau 27 a zama guda yana kuka yana roƙo.

Judon da ya iso Kamaru bai biyo wannan hanya ba, ta Faransa ya biyo, kuma wannan gado ne da ya kamata a sani. Mikinosuke Kawaishi ya sauka Paris a 1935, ya tsara koyarwar daki-daki, ya yaɗa ɗamaru masu launi tsakanin fara da baƙa domin a san matakin kowane ɗalibi kafin a haɗa shi da wani. A 1955 Faransa ta kafa doka cewa ba mai koyar da judo don kuɗi sai yana da takardar shaida ta gwamnati, abin da ke nufin baƙar ɗamara kaɗai ba ta mai da mutum malami ba, sai ya san jikin yaro da taimakon gaggawa. A yau masu rajistar judo a Faransa sun ninka na Japan, yawancinsu yara ƙanana, amma irin waccan mutuwar ba kasafai ake jin ta a can ba. Daga wannan reshe ne wasan ya bazu a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. An yi gasar Afirka ta farko a Dakar a 1964, Yawunde ta karɓi baƙuncinta a 2010, Hélène Wezeu Dombeu ta ɗauko wa Kamaru azurfa a wasannin Commonwealth na Glasgow a 2014, Hortense Vanessa Mballa Atangana kuma ta wakilci ƙasar a Olamfik na Rio da na Tokyo na 2021.

New Bell unguwa ce da aka haifa cikin matsi. Jamusawa ne suka shata ta domin su kwashe mutanen Bell daga tudun Joss su bar wa Turawa bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. 'Yan ƙasa da dama suka ƙi zama a wurin, sai baƙi suka cika shi: Hausawa fatake da mahauta da masu goro, Bamileke, Basa da sauransu. Har yau gida na manne da gida, kasuwa ta cinye fili, kuma duk wanda zai buɗe zauren judo a nan zai yi fama da abubuwa uku da Tokyo da Paris ba su san su haka ba. Na farko daɓen siminti ne a ƙarƙashin katifa siririya ko wadda ta tsufa ta mutu. Na biyu zafin Duwala mai ɗauke da laima, wanda gumi ba ya bushewa balle jiki ya huce, ga kuma rigar judo mai kauri, ga rufin kwano. Na uku cunkoso, inda ɗan shekara tara da saurayi ɗan ashirin za su tarar da kansu a kan tabarma ɗaya. Idan aka ƙara azumi a kai, horon la'asar mai tsanani a watan Ramadan ganganci ne tsantsa, alhali ana iya mai da shi bayan an sha ruwa. Ɗauko horon tsakiyar zafi na Japan a dasa a irin wannan wuri da sunan gargajiya kwaikwayon abin da masu shi suka yi nadama a kansa ne.

Wani zai ce ai gwaraza ba a cikin inuwa ake yin su ba, ya kawo misalin gwarzon Japan Masahiko Kimura, wanda ya shahara da horon sa'o'i masu yawa a yini, ya kuma karya hannun ɗan Brazil Hélio Gracie a Rio a 1951. Gaskiya ne, judo ba ya yiwuwa ba tare da gajiya da gumi da maimaita dabara ɗaya sau ɗaruruwa ba, kuma ba wanda ke neman a mai da shi rawa. Sai dai Kimura baligi ne ƙwararre da ya ɗora wa kansa wahala. Yaran da suka mutu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sannan idan nasara ce ma'auni, Faransa ta doke Japan a wasan ƙarshe na gasar ƙungiya a Olamfik na Tokyo na 2021, a cikin zauren Budokan da aka gina domin judo, ta sake doke ta a Paris a 2024. Gwarazan Faransa Teddy Riner da Gévrise Émane, wadda aka haifa a Yawunde ta ci kofin duniya sau uku, daga makarantar nan mai takarda da doka suka fito.

Wani kuma zai ce yaranmu ba lagwani ba ne, jikokin 'yan dambe ne da 'yan kokawa, sun saba faɗuwa. To amma a kokawarmu, ko ta gasar takobin Nijar da aka fara a Tawa a 1975, ko ta mutanen Sawa da ake yi a bikin Ngondo na Duwala, a kan yashi ake yi, kuma faɗuwa ɗaya ta raba gardama. A zauren judo yaro na iya faɗuwa sau da dama a yamma ɗaya, kuma jijiyar cikin kai ba ta san ƙabila ko jarumtar kakanni ba. Batun talauci ne ya fi nauyi, domin tabarmar judo ta gaske tana da tsada ƙwarai. Amma idan aka duba abin da ya kashe yaran Japan, ƙasa mai arziki da tabarmi masu kyau, za a ga mafi yawan maganin ba ya cin ko dala: watanni na koyon faɗuwa kafin randori, haɗa yaro da sa'ansa a nauyi da gwaninta, jinkirta kayarwar baya da shaƙa ga ƙanana, ba da ruwa da hutu, da haramta wa malami ya kayar da ɗalibi don horo ko huce haushi. Da Japan ta ɗauki irin waɗannan matakai, shekaru uku a jere, 2012 zuwa 2014, ba a samu mutuwar ɗalibi ko ɗaya ba. A 2022 hukumar judo ta ƙasar, a ƙarƙashin Yamashita ɗin nan da aka karya wa ƙafa, ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, saboda an kai ga tilasta wa yara rage nauyi da matsa musu lamba fiye da kima.

Saboda haka iyaye a New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala, kada ku hana 'ya'yanku judo, maza da mata, domin wasa ne mai koyar da natsuwa da kame kai a wurin da samari ke bukatar su. Amma ku je zauren da ƙafarku. Ku taka tabarmar ku ji abin da ke ƙarƙashinta, ku tambayi malamin takardar koyarwarsa da rajistarsa a hukumar judo ta Kamaru, ku ga da wa ake haɗa yaronku. Idan kuma ya bugu a kai ya dawo da ciwon kai, ko amai, ko jiri, ko barcin da ba a saba gani ba, kada a tsaya shafa magani a jira gari ya waye. A kai shi asibiti a daren, kuma kada ya koma kan tabarma sai likita ya yarda.