Daƙiƙa bakwai na kiɗan ganga da hukuncin 1991

Jama'a, duk sanda rigimar "wane ya saci kiɗan wane" ta taso, sai ka ji ana magana kamar doka ta daɗe da raba gardama. Ina! Ko a Amurka, inda yanko guntun kiɗan wani a ɗora a sabuwar waƙa ya zama sana'a, sai a 1991 kotu ta tsoma baki da gaske.

Kafin nan mawaƙan hip-hop da yawa yanka kawai suke yi, ba tare da neman izini ba. Sai Biz Markie ya nemi izinin Gilbert O'Sullivan kan wata waƙarsa ta 1972, aka hana shi, shi kuma ya yi gaban kansa. Alƙali Kevin Duffy na New York bai yi wata-wata ba: ya kira abin sata, aka janye kundin daga kasuwa. Tun daga nan kamfanoni suka koma sai an biya kafin a yanka.

A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko daƙiƙa biyu ka ɗauka, nemi lasisi. A 2016 wata kotun kuma, a shari'ar Madonna, ta ce guntun da kunne ba zai gane ba ba laifi ba ne. Ƙasa ɗaya, hukunci biyu.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labarin Gregory Coleman, makaɗin gangar ƙungiyar The Winstons. A 1969, cikin waƙar "Amen, Brother", ya yi wani kiɗi na kimanin daƙiƙa bakwai. Dubban waƙoƙi sun yanko shi, har da na N.W.A. Ko sisi bai samu ba. Dokar haƙƙin mallaka tana kare wanda sunansa ke kan takarda ne, ba lallai mai riƙe da sandar kiɗa ba. Shi ma jagoran ƙungiyar, Richard Spencer, da haƙƙin ke hannunsa, bai san ana ta yanka ba sai bayan shekaru, kuma sai a 2015 masoya suka yi masa karo-karo a intanet.

Coleman bai ga wannan kuɗin ba. Ya rasu a Atlanta a 2006, ba shi da ko wurin kwana.