Bashi da amana a cinikin kifin Yauri

Duk wanda ya san kasuwar Yelwan Yauri ko ta Wara ya san cewa yawancin kifin da ake saukewa daga jirgi yana da mai saye tun yana cikin ruwa. Masunci yana da ubangidansa, ko wata 'yar kasuwa da ya saba da ita, wadda ta ba shi kuɗin raga ko na man inji bisa alkawarin cewa ita zai fara kai wa abin da ya kamo. Ba takarda, shaida kuwa sai dillali da Sarkin Ruwa. Masu tsara ayyukan raya karkara sun daɗe suna kallon wannan a matsayin ƙangi. A ganina kuwa, ita ce hanyar da mutanen bakin kogi suka samo ta raba asara a sana'ar da ba ta da tabbas.

Tushen al'adar yana cikin kifin kansa. A zafin Yauri ɗanyen kifi ba ya kwana, don haka masunci ba shi da damar jan ciniki kamar mai hatsi. Ko ya sayar yau, ko mata su yi banda. Kamun ma ba ya zuwa daidai, domin ruwan Kwara yana cika ya janye, wani watan a samu, wani watan a tashi hannu biyu. Tun kafin madatsar Kainji, Sarkawa da suka gangaro daga Kabi suna sauka kusa da Gungawa mazauna tsibirai, fatake kuma suna zuwa daga ƙasar Nufe da Kudu neman banda. Baƙon da bai san kowa ba dole ya sami mai masauki da zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masunta, ya tsaya masa idan ya ɗauki kifi bashi, sannan ya karɓi la'ada. Abin da dillali ke sayarwa shi ne sanin mutane, kuma a wurin da babu banki wannan ba ƙaramin jari ba ne.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge, aka tayar da mutane fiye da 40,000. Kifi ya yi ambaliya a farko, har kamun shekara ya kai kusan tan 28,000 a 1971, kafin ya faɗo ƙasa da tan 5,000 a 1978. Buɗaɗɗen tafki ya fi ƙarfin koma da ƙaramin kwalekwale. Yana son ragar roba mai tsawo, babban jirgi, daga baya har inji. Waɗannan kuɗi ne, masunci kuwa ba shi da gonar da zai jinginar. Wanda ya yarda ya ba shi shi ne mai sayen kifinsa, domin shi kaɗai ne ke ganinsa kullum, ya san lokacin da ya kamo da lokacin da bai kamo ba. Zamani bai kashe al'adar ba, sai ma ya ƙara mata nauyi. Haka abin yake a ƙauyukan masunta na Filifin, inda dangantakar da suke kira suki ke ɗaure masunci da mai saye guda ta hanyar bashi, duk da babu abin da ya haɗa tarihinsu da namu.

Za a ce mai bashi yana karya farashi, kuma gaskiya ne. Masuncin da ake bi ba ya iya kai giwan ruwansa ga wanda ya fi tayi, wani ma yakan shekara yana biya bashin bai motsa ba. Sai dai kafin a yanke hukunci a lissafa abin da ragin farashin ke saya. Idan iska ta kifar da jirgi ko raga ta ɓata, ubangida ba ya zuwa da 'yan sanda. Yakan ɗaga ƙafa, yakan ma ƙara wani bashin. Shi ne na rashin lafiya da na suna. Shi kuma yake ɗaukar asarar banda da ƙwari suka ci ko ta dagargaje a mota kafin Onitsha ko Ibadan. Bankin da ke son biya wata-wata ba zai jure damina ɗaya ta rashin kamu ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na tafkin kansa. Jarin 'yan kasuwa na cikin abin da ya yawaita dala, ragar nan mai ƙananan ido da ke kwashe warangi tare da 'ya'yan manyan kifaye, har jihohin Kebbi da Neja suka hana ta a ƙarshen shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kifin Kainji. Masuncin da bashi ke wuyansa ba zai bar ƙaramin kifi ya girma ba. Wannan illa ce ta gaske, amma tana nuna inda ragamar take: dokar da za ta tsaya kan masunci kaɗai, ta bar mai saya masa raga da dillalin da ke karɓar kifin a Wara da Yelwa, ba za ta yi nisa ba.