Gidan 'Yar Tsana, Daga Fada Zuwa Kwali

Gidan 'yar tsana da ake sayarwa yau a kwali, mutum ya harhaɗa da gam, asalinsa ba kayan wasan yara ba ne. A 1558 basaraken Bavariya, Albrecht na Biyar, ya sa aka ƙera masa ɗaya, gobara ta cinye shi a 1674. A Holan kuwa matan attajirai ne suka riƙe abin. Na Petronella Oortman, wanda aka fara wajen 1686, yana nan a gidan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam, da ɗakin shanyar tufafi da 'yan farantan tangaran da aka yo oda daga Sin.

Ni dai wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na Sarauniya Mary ta Ingila, wanda Edwin Lutyens ya zana, aka kammala a 1924. Famfunansa na zubo ruwa, fitilunsa na kamawa. Awonsa inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, kuma shi yawancin na kwali ke bi har gobe.

Na kwalin siririn katako ne da inji ya yanka. Sai ka ɓalle kowane yanki a hankali, ka goge kaifin bakinsa, ka shafe bango da fenti tun kafin ka manna, don in ɗakin ya haɗu hannu ba ya shiga lungu. Rufin ne ke cin haƙuri: ɗai-ɗai ake jera ƙananan allunansa, daga layin ƙasa zuwa sama, kowane layi ya ɗan hau kan na ƙasansa.