Ciwon yawan fargaba

Ciwon yawan fargaba larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum zullumi a kan komai, lafiya ko kuɗi ko iyali, ya kasa kwantar da hankalinsa. Bisa littafin DSM-5 na likitocin Amurka na 2013, ba a tabbatar da ciwon sai damuwar ta kai wata shida tana hana harkokin yau da kullum, babba kuma ya nuna uku daga alamomi shida: kasa zama wuri ɗaya, saurin gajiya, rashin natsuwa, saurin fushi, ɗaurewar tsoka da matsalar barci. Ga yaro, alama ɗaya ta isa.

A Maiduguri, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana duba irin waɗannan marasa lafiya. Likita kan bambance ciwon da firgicin da ke biyo bayan rikici.